Wa Zai Tsaya A Kanki? Lacca Ga Ɗaliban Jinya Na Ajin Ƙarshe



Galibi makaranta ce ke raba ɗalibai asibitoci, amma a zangon ƙarshe wani lokaci akan tambayi ra'ayinku. Da an tambaya kuwa, kusan kowa sai ya rubuta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika. Ban ga laifinku ba. Akwai na'urori, akwai ƙwararru. Sai dai ku dubi cunkoson da ke bakin gado ɗaya a irin waɗannan wurare: babban likita, likitoci masu neman ƙwarewa, ɗaliban likitanci, sista, sannan ke can baya kina leƙe. Zango zai iya ƙarewa ba ki sa wa ko yaro ɗaya ƙarin ruwa da hannunki ba.

Ku kwatanta da Asibitin Yara na Hasiya Bayero da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje, ko ɗakin haihuwa na Asibitin Murtala da dare. A nan za ki iya nemo jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse, ki gane mai cikin da jininta ya hau tun kafin jijjiga ta kama ta. Hannu a irin wuraren nan yake faɗawa.

Amma kada wani ya fita ya ce na ce a bi wahala. Akwai ƙananan asibitoci da za a sakar miki ɗaki guda saboda ƙarancin ma'aikata, ki yi ta allura da wankin ciwo babu mai gyara miki. Kuskuren da aka maimaita shi kullum zama yake yi a hannu, kuma majinyaci ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Don haka kafin ki tambayi sunan asibiti, ki tambayi 'yan ajin da suka gabace ki: wace sista ce a sashen? Tana tsayawa ta ga aikin kafin ta sa hannu a littafinki, ko daga kan tebur take sawa?

Wanda ya riga ya san inda ya dosa, ya nufi can tun yanzu. Mai son ƙashi ga asibitin Dala, mai son ido ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Asibitin masu taɓin hankali na Kware da cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina kuwa, ba kasafai ake rububinsu ba, kuma ni a ganina ɗaliban da ke gudunsu asara suke yi.

Masu hangen Ingila ko Saudiyya, na san kuna nan, ba sai kun ɗaga hannu ba. Can ma abin da kuka iya za a duba.

Kafin ku miƙa takardar zaɓi, kowa ya je sashen da ƙafarsa, ya gaida sista, ya ga yadda ake miƙa aiki da safe. Allah Ya ba ku sa'a.