Makarantar Dare: Tunawa da Mma Tasidi da Iyayenmu Mata na Zango

(Laccar da aka gabatar a Nima, cikin birnin Akra, gaban malamai, sarakunan Zango da ɗalibai)

 

An nemi in yi magana a kan mace ta gari, wadda ta riƙe aure, ta riƙe 'ya'ya, ta ga jikoki. Idan na tsaya jero kyawawan halaye kamar mai nasihar walima, za ku gyaɗa kai ku watse hannu biyu. Saboda haka na zaɓi mace guda, wadda kowa a zauren nan ya ci moriyar aikinta, ko da bai taɓa jin sunanta ba.

Babu wanda bai san Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu ba. An haife shi a watan Afrilun 1919 a unguwar Cow Lane, cikin tsohuwar Akra. Ya je Kumasi ya yi karatu a gaban Shehu Abdullahi Ɗantano, ya zama Babban Limamin ƙasa a 1993. A 2019, yana daf da cika shekara 100, ya shiga cocin Christ the King ranar bikin Ista ya gaisa da maƙwabtanmu Kirista, duniya ta yi ta magana. To, a farkon tarihin nan akwai wata 'yar jimla da ake wucewa da sauri: yaron ya fara karatu a gida, da rana a wajen mahaifinsa Imam Nuhu, da dare a wajen mahaifiyarsa. Sunanta Hajiya A'ishatu Abbas, an fi saninta da Mma Tasidi, 'yar'uwar Imam Muhammad Abbas, wato Malam Mazawaje.

Ina so mu daɗe a kan kalmar nan, dare. Malamin rana yana da zaure da buzu da almajirai, ana gaishe shi a durƙushe. Malamar dare kuwa sai ta gama daka, ta sauke tukunya, ta ciyar da maigida da baƙinsa, ta wanke kwanuka, sannan ta jawo fitila ta ce, "Ɗauko allonka." Lokacin hutunta ne ta yanka ta ba ɗanta. Ba a yi mata rawani ba, ba a ba ta ijaza ba. Amma duk wanda ya ga sanyin halin dattijon nan, yadda yake kashe wutar rikici da murya ƙasa-ƙasa, ya san icen da aka gyara tun yana ɗanye ne. Gidan malamai ta fito, gidan malamai ta shiga, ita ce igiyar da ta ɗaure gidajen biyu.

Haka tarihin Zango yake gaba ɗaya. Asalin kalmar zango wurin da fatake ke sauke kaya su kwana su wuce. Kakanninmu sun biyo hanyar goro zuwa Gwanja, da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892 wasu suka gangaro kudu. Mun san Malam Baƙo da Sabon Zango, mun san Malam Amadu Futa da ya kafa Nima a shekarun 1930. Sunayen maza ne duka. Sai dai ayari ba ya zama gari sai an kafa murhu. Namiji ya samo fili ya kafa rumfa, mace ta kunna wuta, ta haihu, ta yi suna, ta aurar, ta yi jego, har wurin kwana ɗaya ya koma mahaifa.

Ku rufe ido ku tuna taku Mma Tasidin. Tun kafin assalatu ta tashi. Geron da ta jiƙa jiya an niƙo shi da citta da kanumfari da barkono, ta tace, ta dama. Kafin ladan ya yi kira na biyu mai ya yi zafi, ƙosai ya fara iyo a kasko. Yau ko'ina ka je a Gana, daga Osu har Takoradi, kokon Hausa ake karyawa da shi, shinkafa da waken da ake dafawa da karan dafi kuwa sunan wakenmu ne ya bi ta har cikin manyan otel. Wannan cinikin bakin titi, da adashin da take zubawa kullum, su suka biya kuɗin makaranta, suka sayi kayan ɗakin 'yan mata, suka kai tsoho asibitin Mamobi, wani lokaci har suka biya kujerar Makka. A ɗaki ciki da falo na gidan haya ta raini nata, ta raini na kishiya, ta raini ɗan ƙanin miji da aka aiko daga Arewa. Likitoci da lauyoyi da 'yan majalisar da Zango ke taƙama da su yau, da yawansu daga bakin wannan tukunya suka tashi.

Kuma ba cikin daɗi ta yi ba. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Gidaje nawa a Nima da Mamobi aka raba, miji ya hau mota zuwa Nijeriya ko Nijar, mace ta bi shi ƙasar da ba ta sani ba, ko ta zauna da yara ita kaɗai? A 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola, aka ɗora wa mata 'yan kasuwa laifin tsadar kaya. A 1983 ga fari, ga gobarar daji, ga mutane wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya. Wanda ya ga shekarar nan ya san wadda take cewa ta ƙoshi don yara su cinye ragowar tuwo.

To, idan ta cika, me muke yi? Mu yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, mu kafa rumfuna mu tare hanya, mu ɗinka anko, a yi ta rabon waina. Idan aka tambayi halinta sai mu ce, "Allah sarki, mai haƙuri ce." Shekara tamanin a dunƙule cikin kalma ɗaya! Haƙuri ado ne, amma sau da yawa da shi muke rufe nauyin da muka bar mata. Ga kuma alkunya: Mma, Inna, Iya, Hajiya, har jika ya girma bai san sunan yankan kakarsa ba, balle garin da iyayenta suka fito.

Magabatanmu ba haka suka koya mana ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji suna kai ilimi ƙauyuka, kuma da matan zamaninta suka rasu ta yi musu marsiyya da sunayensu, shi ya sa har yau ake yi musu addu'a. Baba ta Karo kuwa talaka ce a ƙasar Zazzau, ba ta yi karatun boko ba. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa, littafin ya fito a 1954, bayan rasuwarta. Yau ana karanta rayuwarta a jami'o'in duniya. Baba ba ta fi kakanninmu na Nima ganin duniya ba. Ta dai sami wanda ya zauna ya saurare ta.

Ɗalibai, roƙona gare ku ne. Wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Kafin Juma'a mai zuwa, ku je ku durƙusa gaban tsohuwar gidanku, ku tambaye ta cikakken sunanta da na uwarta, garinsu na asali, sana'arta ta fari, wa ya koya mata Fatiha, ina take a 1969. Ku rubuta, ku ajiye wa 'ya'yanku. Malamanmu, idan kuna lissafa waɗanda kuka yi karatu a gabansu, ku fara da malamar dare. Mu kuma magidanta, mu sabunta mata katin inshorar lafiya, mu gyara rufin ɗakinta kafin damina, mu ba ta gadonta cikakke. Kuɗin rumfa da anko sun fi amfani tana raye.

Allah Ya jiƙan Mma Tasidi da dukkan iyayenmu da suka riga mu, Ya haskaka makwancinsu. Waɗanda suke raye, Allah Ya ba mu ikon kyautata musu tun suna ji suna gani.