Jawabi Kan Zuwa Kotu Saboda Tuƙi Ba Inshora

Ana roƙon Hakimai da malamansu su isar da wannan bayani ga masu motoci da babura na Karare da sauran ƙasar Batsari da Safana.

Tun 1950 doka ta hana a hau titi da mota sai da inshora, watau yarjejeniyar da kamfani zai biya diyya in motar ta raunata wani ko ta ɓata dukiyarsa. A 2023 aka yanke kuɗinta naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida. Dokar 2003 kuwa, kafin a sauya ta a 2025, ta sa wa mai saɓawa tarar naira 250,000, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyu. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta bincike a hanyoyi.

To, wanda aka kai wa sammaci, lalle ya halarci kotun majistare a ranar da aka rubuta, da lasisinsa da takardun mota. In ya ƙi zuwa, alƙali na iya ba da takardar kamu, laifi ya zama biyu. Inshorar da aka yanka bayan kamu ba ta shafe laifin ranar, takardar jabu kuwa ƙara nauyi take yi.

Malamai su riƙa karanta wa marasa karatu sammaci, su nuna musu ranar zama. Mai jinya ya aika kotu da uzurinsa tun da wuri. Rigakafi ya fi magani.