JAWABIN SHUGABAN DATTAWA: HIMMA GA AIKI, HIMMA GA ALLAH



Yau ikilisiyarmu ta cika shekara 50. A Littafin Firistoci sura 25, Allah ya umarci Isra'ilawa su bar gonaki su huta a shekara ta 50, kowa kuma ya koma ga danginsa. Allah da ya sa Adamu aikin gona, shi ne kuma ya kafa hutu.

Ragwanci ba halin Kirista ba ne. Manzo Bulus da kansa ya ɗinka alfarwa a Koranti don kada ya nauyaya wa kowa. Iyayenmu ma sun wuni gona, da dare suna koyon karatu a hasken fitila, domin su karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Amma mu duba kanmu. Da damina, wasunmu a Sifawa da Bodinga suna gona ran Lahadi, kujerun sujada kuwa wayam. Da rani, fadamar albasa ta ɗauke wasu. Magidanta suna tafiya ci-rani wata 6, yara ba mai yi musu addu'ar safe. Rumbu ya cika, amma wa zai gaji bangaskiyarmu?

Saboda haka ina roƙonku abu 3: mu yi aiki da gaskiya kwana 6, mu keɓe ranar Ubangiji, mu kuma tara iyali kowane dare don addu'a.

Allah ya ba mu ikon aikatawa. Amin.