Son Aiki da Ƙonewar Zuciyar Ma'aikaci



Tun muna firamare ake faɗa mana cewa wanda ya so aikinsa ba ya jin gajiyarsa. Ni kuwa na tashi ne yau in ce wannan magana da gyara.

A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya buga maƙala a kan abin da ya gani da idonsa a birnin New York na Amurka. Da rana yana duba masu zuwa ofishinsa, da dare kuma ya wuce wani asibitin kyauta inda ake kula da masu shaye-shaye. 'Yan sa kai na wurin da ɗoki suka zo, ba don kuɗi ba. Amma da an yi kamar shekara guda sai ka ga mutum ya canja: ga ciwon kai, ga rashin barci, abu kaɗan ya harzuƙa. Shi kansa bai tsira ba. Ya laƙaba wa wannan hali sunan da ke nufin ƙonewa ƙurmus, watau kamar lagwanin fitilar da mai ya ƙare mata. Abin lura kuwa shi ne, ba malalata abin ya fi kamawa ba, masu himma ne. Dama Bahaushe ya ce in ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fito da ma'aunin wannan hali, mai alamu uku: zuciya ta gaji liƙis, mutum ya shiga ɗaukar waɗanda yake yi wa hidima tamkar kaya, sa'an nan ya riƙa ganin aikinsa ba ya tsinana kome. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, ba ta ƙidaya shi cikin cututtuka ba.

To, ina laifin so a nan? Mai son aikinsa ba da hannu kaɗai yake yinsa ba, har da zuciya. Nas ɗin da ta kwana a kan majinyaci, in ya cika da asuba, ita ma wani abu ya tsinke mata a ciki, alhali kuwa dole ta saki fuska ga na gado na gaba. Wannan danne zuciya aiki ne mai zaman kansa, ko da yake ba a lissafa shi cikin albashi.

Robert Vallerand na ƙasar Kanada da abokan bincikensa sun nuna a 2003 cewa son aiki iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke riƙe da linzaminsa, in an tashi ya koma cikin iyalinsa da zuciya ɗaya. Akwai kuma wanda shi ke jan mutum, har ya ga ba shi da wata daraja sai ta aikin, in ya huta ma sai ya ji kamar ya yi laifi. Na biyun ne ke tafe da fargaba da ƙuncin rai.

Amma fa kada a ɗora wa ma'aikaci laifin duka. Lokacin da na je koyarwar gwaji na tarar da wani dattijon malami wanda tsofaffin ɗalibansa ke ba da labarin yadda a da yakan sayi alli da kuɗin aljihunsa. Ni kuwa abin da na gani, mutum ne wanda ke shiga aji ya cika allo da rubutu ya fita, ko sunan yaro ɗaya ba ya tambaya. Aji ya cika maƙil, albashi ba ya zuwa a kan kari, in ya yi ƙorafi a ce masa ladan malami yana lahira. Son da yake yi wa aikin shi aka mayar igiyar ɗaure shi, don an san ba zai iya tafiya ya bar yaran ba.

Da yawa daga cikinmu aji za mu shiga ko asibiti. Ina roƙon malamanmu, kamar yadda suke koya mana aikin, su buɗe mana zama a kan wannan batu kafin mu fita.