Jinyar Yaro Mai Amosanin Jini a Gida da Makaranta

Jawabi domin iyaye, da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya

Akwai yaran da ciwonsu na kwana uku ne, a kai su asibiti, a ba su magani, su warware, a manta. Akwai kuma waɗanda larurarsu ta zama abokiyar zama, kamar masu farfaɗiya, da masu ciwon sukari, da waɗanda aka haifa da ciwon zuciya. Irin waɗannan yara likita yakan gan su sau ɗaya a wata, ko ma sau ɗaya a wata uku, sauran kwanakin kuwa suna hannun uwa a gida da malami a makaranta. Saboda haka mafi yawan jinyarsu a waɗannan wurare biyu ake yin ta, ko an shirya mata ko ba a shirya ba. Wannan jawabi zai tsaya a kan larura guda, watau amosanin jini, wanda ake kira sikila, domin a cikin cututtukan gado babu wanda ya yawaita a Nijeriya kamarsa. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, an ƙiyasta cewa kashi 24 cikin ɗari na mutanen ƙasar nan suna ɗauke da irin cutar, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara.

Asalin cutar a cikin jajayen ƙwayoyin jini yake. Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce, mai taushi, tana ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala, tana kuma rayuwa kwana 120. Ta mai sikila takan lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta maƙale a hanya ta toshe jini, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 take mutuwa. Toshewar ita ke kawo azabar ciwon ƙashi, saurin mutuwar ƙwayoyin kuma shi ke kawo ƙarancin jini da rawayar ido. Daga uwa da uba duka biyu ake gadonta. In dukansu masu AS ne, kowane ciki da aka samu yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma ciki ba ya tuna abin da na gabansa ya kawo. Don haka ana iya samun gidan da yara uku a jere suka zo da ita, da gidan da ba ko ɗaya. Mijin da ya ɗora wa matarsa laifi ya zalunce ta, gama rabin abin daga jikinsa ya fito. Masana da dama suna ganin cewa waɗansu daga cikin yaran da Hausawa ke kira 'yan wabi, Yarabawa su ce abiku, Ibo su ce ogbanje, wannan cuta ce ta riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ba a sani ba.

Jariri ba ya nuna alama tun daga haihuwa, domin jinin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi har wajen wata shida. Abin da uwa takan fara gani shi ne kumburin bayan hannu da na ƙafa, yaro yana kuka in an taɓa wurin. A nan ne akan yi kuskure, a kira wanzami ya yi tsaga ko ƙaho, a ƙara zubar da jinin da dama bai isa ba, a kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Abin da ya kamata shi ne a kai shi a gwada jininsa.

Babban abin da ake so kowace uwa ta riƙe shi ne maganar zazzaɓi. A jikin ɗan Adam akwai saifa, a gefen hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari, aikinta tace jini da kama ƙwayoyin cuta. Ga mai sikila saifar takan lalace tun yana ƙarami, sai ya zama ciwon huhu, ko sanƙarau, ko ƙwayar cuta a cikin jini, wadda wani yaro zai yi fama da ita kwanaki, shi tana iya kashe shi cikin yini guda. Don haka lalle ne a ajiye ma'aunin zafin jiki a gida, a kuma koyi karanta shi. In zafin ya kai 38, ba a jiran wayewar gari, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya ba da izini. Ya kamata miji da mata su gama wannan magana tun ana lafiya, a ware kuɗin mota, a san wanda zai yi rakiya in abin ya zo da tsakar dare. Ba yaro Panadol a kwantar da shi yana sauke zafin, amma ciwon yana nan yana cin jiki a ɓoye, kuma ɗan kemis na unguwa ba shi da abin gwada jini.

Akwai kuma wani haɗarin na saifa wanda ya fi samun yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wani lokaci jini yakan taru a cikinta farat ɗaya, ta kumbura, sauran jiki ya rasa jini. Ciki ya yi girma, tafin hannu da leɓe da cikin ido su yi fari, yaro ya yi laushi yana numfashi sama sama. Wannan ba ya ba da lokaci, ƙarin jini yake bukata cikin sa'o'i kaɗan. Ma'aikaciyar jinya tana iya koya wa uwa yadda za ta sa yatsu ta ji girman saifar ɗanta, a nuna mata inda take tsayawa a kullum, domin ta gane ranar da ta wuce nan. Koyon ba ya cin minti goma, kuma uwar da ba ta yi boko ba tana iya shi sarai. Duk uwar da ba a nuna mata ba, ta tambaya a ranar asibiti.

Maganin kullum ba shi da wuya, nacinsa ne ke gajiyar da mutane. Akwai folik asid domin taimakon jiki ya ƙera sabon jini, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro irin su Paludrine, tare da kwana cikin gidan sauro. Akwai fenisilin da ake ba ƙananan yara safe da yamma har su kai shekara biyar. Wani bincike da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 1986, ya nuna wannan ɗan magani ya rage mugun ciwon ƙwayar namoniya da kashi 84 cikin ɗari. Allurar rigakafin wannan ƙwaya kuma ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya tun daga ƙarshen 2014, kada a tsallake ta. Iyaye da yawa sukan bar magani da sun ga yaro ya yi wata biyu garau, alhali kuwa maganin ne ya sa ya yi garau ɗin. Maganin ƙarin jini na kwalba mai sinadarin ƙarfe kuwa, kada a saya sai likita ya rubuta, domin ba ƙarfe ne ya yi wa yaron kaɗan ba, yawansa ma lahani ne.

In ciwon ƙashi ya tashi, a ba shi maganin rage zafi yadda likita ya tsara, a yawaita masa ruwa, a gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Ba a sa ƙanƙara ko ruwan sanyi, sanyi yana matse jijiya ya ƙara toshewar. In ciwon ya ƙi lafawa, ko ya koma ƙirji da tari da haki, ko al'aurar ɗa namiji ta miƙe da zafi ta ƙi kwanciya, sai asibiti. Wannan na ƙarshe yara maza sukan ɓoye shi don kunya, saboda haka uba ne ya kamata ya faɗa wa ɗansa tun kafin ya faru.

Sai maganar makaranta, inda yaro ke yin rabin yininsa. Tsarin kiwon lafiyar makarantu na ƙasa, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 2006, ya tanadi kula da lafiyar ɗalibai a cikin makaranta, amma kowa ya san makarantu da yawa ba su da nas. Inda babu, ya kamata hedimasta ya zaɓi malami guda ya ɗora masa wannan nauyi, ma'aikatan ɗakin shan magani mafi kusa kuma su koya masa abin da zai duba. Waɗansu iyaye sukan ɓoye larurar ɗansu don gudun gori, ko don tunanin aurensa nan gaba. Dalilinsu abin ji ne, amma malamin da bai sani ba shi ne zai sa yaron tsallen kwaɗo a rana. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta takarda guda da sunan yaro, da irin jininsa, da magungunansa, da asibitin da ke da katinsa, da lambar wayar mutum biyu, a damƙa wa hedimasta da malamin aji, su kuma su riƙe amana.

Abin da ake roƙon malami ƙanana ne, sai dai sun saɓa wa dokar aji da aka saba. Yaron nan yana bukatar gorar ruwa a kan teburinsa, domin ƙishirwa tana kaurara jini ta tayar da ciwo. Ƙodarsa kuma ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran yara, saboda haka zai nemi fita fitsari sau da yawa, ba don wasa ba. A bar shi ya fita ba sai ya ɗaga hannu ba. Wannan dalili ne kuma ke sa waɗansunsu fitsarin kwance har sun girma, abin da masu kula da ɗakunan makarantun kwana ya kamata su sani kafin su tara yara a yi masa waƙa. A lokacin hunturu a bar shi ya sa rigar sanyi a kan kayan makaranta, a ɗauke masa wanka da ruwan sanyi da asuba, kada kuma a tsayar da shi cikin ruwan sama. Wasa kuwa a bar shi ya yi, ya huta in ya gaji. Ware shi a gefen fili kullum yana kallon 'yan'uwansa wani ciwo ne daban. Haka nan malaman makarantar allo da na Islamiyya, maganar ta shafe su.

Akwai wani abin da malami yakan riga uwa gani. Sikila tana iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, kuma in ba a ɗauki mataki ba, kusan ɗaya cikin goma na masu SS yakan sami shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20. In baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko alli ya faɗi daga hannu, ko ƙafa ta fara ja, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a sanar da iyaye a hanya. Wani lokaci kuma toshewar ba ta nuna kanta a jiki, sai dai a ga yaron da ke kan gaba ya koma baya, yana mantuwa, rubutunsa ya lalace. Bulala ba ta gyara wannan, a rubuta wa iyaye su faɗa wa likita. Akwai na'urar da ke auna gudun jini a jijiyoyin kai, ba ta da zafi, ana so a yi wa yaro sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Binciken da aka yi a asibitocin Kano da Kaduna, har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka buga a 2022, ya nuna ana iya kare yaran da gwajin ya nuna suna cikin haɗari da maganin haidroksiyuriya, a wuraren da ƙarin jini na wata wata ke da wuya. Wannan magani yana rage yawan tashin ciwon ƙashi ma, amma sai da likita da gwajin jini a kai a kai.

Manyan asibitocin koyarwa suna da ranar ganin masu sikila. A 2011 da 2012 Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyoyi shida domin wannan cuta, a Birnin Kebbi, da Gombe, da Keffi, da Ebute Metta, da Abakaliki, da Yenagoa, akwai kuma cibiyar Gidauniyar Sikila ta Nijeriya a Idi-Araba, Legas. Wanda ke nesa da waɗannan ya fara daga babban asibitin da ke kusa da shi, ya tafi da sauran yaran gidan a gwada su, har da jaririn da ke goye.