Rage Ƙiba Ba Da Garaje Ba



Mun taso muna jin ana kiran tumbi alamar wadata, alhali ƙiba ce ke share wa hawan jini da ciwon sukari hanya. Amma abin da ya fi damunmu shi ne masu kwankwaɗar shayin rage ƙiba don su zubar da ita cikin mako guda. Galibinsa gudawa yake sawa: ruwan jiki ya tsiyaye, kitse yana nan daram.

Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar. Abincin kuwa ba sai an je nesa ba. Ga wake da zogale a kasuwar Jega, ga kifin gulbin Zamfara, ga albasar Aliero. Mu rage malmalar tuwo, mu ƙara ganye. Fura ba ta da laifi, sukarin da muke antaya mata ne abin tsoro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Manomin Maiyama yakan cika wannan a hantsi ɗaya. Mu da ke hawa babur zuwa aji, sai mu fara takawa, minti 30 kullum. Mai ciwon sukari da mai juna biyu kuwa su fara tuntuɓar likita.