Tsatsa a Ƙasan But: A Gyara Tun Ramin Bai Yi Girma Ba

Yau maganarmu a kan tsohuwar Fijo 504 ce, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, har yanzu kuma tana jigila tsakanin Maraɗi da Jibiya, Ƙonni da Illela.

Kai mai ɗaukar gishiri da kanwar dabbobi, ko ɗanyar fata, ka sani su ne ke cinye maka ƙasan but. Gishiri yana jawo laima, ita kuma ta kawo tsatsa.

To, ɗaga shimfiɗa, fitar da safaya, ka tsokani ƙarfen da sukundireba. In tsatsar a sama take, kankare ta da burushin waya sai ƙarfe ya yi fari, ka shafa jan fenti. In kuwa ya ɓule, kar ka yarda a liƙe maka da foti, damina ɗaya zai ɓare. Sai mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin har inda ƙarfe ke da lafiya, ya sa sabon faranti, a yi fenti ciki da waje.

Amma don Allah a sauke tankin mai kafin a kunna wuta, don yana nan kusa. Ko babu fetur ciki, tururinsa kaɗai ya isa ya fasa shi.

Kar ka raina ramin nan. Ta nan hayaƙin salansa ke shigowa, ya sa direba jiri da gyangyaɗi a kan hanya.

Bayan gyara, canja robar bakin but, ka shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin buhuna, kana saukewa ka share. Allah ya tsare hanya.